Babi na Shida: Abin da Na'ura Ke Ji a Muryar da Ta Dishe

Ba sai mutum ya yi karatun likita ba kafin ya gane murya ta dishe. Uwa tana ɗaga waya, tun ɗanta bai gama sallama ba za ta tare shi da, "Kai, me ya sami muryarka?" Masallata na sahun baya sukan gane liman ya kwana da mura tun daga kabbarar farko. Kunnen ɗan Adam gwani ne a wannan fage, kuma babu wanda ya koya masa. Inda gizo ke saƙar shi ne idan aka ce ya faɗi yawan dishewar. Mai hawan jini ana ɗaura masa abin awo a damtse a ce 160 bisa 100, ya dawo bayan wata guda a ce 140 bisa 90, kowa ya san magani ya karɓe shi. Mai ciwon suga haka, mai zazzaɓi haka. Shi kuwa mai dishewar murya, shekara da shekaru abin da ake rubuta masa a kati bai wuce "ta dishe sosai" ko "an sami sauƙi kaɗan" ba. Sosai a kunnen wa? Likitan da ya ji muryar a watan Rajab da wuya ya tuna yadda take idan Shawwal ya kama, balle a ce wani likitan ne daban ke bakin aiki ran nan.

Wannan giɓi ne ya sa masana suka shafe sama da shekara 60 suna neman yadda za a mayar da dishewa lamba. Sun kai ga nasara, sai dai ba irin wadda masu tallar manhajoji ke so mu ɗauka ba.

Daga bayan zakaran wuya, a bakin hanyar da iska ke bi ta sauka huhu, akwai tantani biyu masu fuskantar juna. Tsawonsu kimanin santimita biyu ne a namiji baligi, a mace bai kai haka ba. Lokacin numfashi a buɗe suke. Idan za a yi magana sai su matso su haɗu, iskar huhu ta turo su daga ƙasa su rabu, ta wuce, su sake haɗewa, ta sake turo su. Wannan buɗewa da rufewa ita ce asalin murya. Baki da harshe da hanci sarrafa ta kawai suke yi ta zama kalmomi. A namiji abin yana faruwa sau 100 zuwa 130 a sakan guda idan yana hirarsa ta yau da kullum, a mace wajen sau 200 ko fiye, a ƙaramin yaro yakan doshi 300. Malamar firamare da aka tara lokacin da muryarta ke tashi a yini ya cika awa guda, tantaninta sun gwabza da juna sau 720,000 ke nan, kuma gobe ma akwai makaranta.

A shekarun 1970 wani likita ɗan Japan, Minoru Hirano na Jami'ar Kurume, ya nuna cewa tantanin nan hawa-hawa ne: tsoka a ciki, sai wani rufi mai laushi a sama wanda shi ne ke kaɗawa idan iska ta buge shi. Shi ya sa kumburin da bai taka kara ya karya ba, muddin a kan wannan rufi ya fito, yakan ɓata murya gaba ɗaya. Hanyoyin ɓacin kuwa manya biyu ne. Ko dai tantanin su daina kaɗawa a kan kari, murya ta yi kaushi; ko su kasa rufewa ruf, iska ta riƙa zurarewa ta tsakaninsu, murya ta fito da huci. Sau da yawa biyun kan haɗu a maƙogwaro guda.

Ma'aunin kunne

Kafin a je ga na'ura, an fara ƙoƙarin ɗora kunnen kansa a kan tsari. Ƙungiyar masana murya ta Japan ta fito da ma'aunin da ake kira GRBAS, wanda littafin Hirano na 1981 ya yaɗa a duniya. Mai sauraro zai ba da maki daga 0 zuwa 3 a kan abubuwa biyar: girman dishewar gaba ɗaya, kaushi, huci, rauni, da matsin da ake ji idan mutum yana kokawa da maƙogwaronsa kafin sauti ya fito. Amurkawa suka zo da nasu, CAPE-V, bayan wani taro a birnin Pittsburgh a 2002. Su layi suke ja mai tsawon milimita 100, mai sauraro ya sa alama inda yake jin muryar ta faɗa, a auna da rula.

Duka biyun ana aiki da su har yau, kuma suna da amfani. Amma Jody Kreiman da Bruce Gerratt na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun daɗe, tun farkon shekarun 1990, suna nuna raunin abin. Ƙwararru biyu sukan saɓa a kan murya ɗaya, ƙwararre ɗaya ma yakan saɓa wa kansa idan aka sake kunna masa muryar bayan wani lokaci. Wanda ya wuni yana sauraron muryoyin da suka lalace ƙwarai, idan aka kawo masa mai matsakaiciyar dishewa sai ya ji ta garau. An fi samun daidaito idan murya lafiya lau take ko ta lalace sarai. A tsakiya ne ake rabuwa, kuma a tsakiyar ne mafi yawan marasa lafiya suke.

Na'urar farko da ta taimaka ita ce mai zana hoton sauti, wadda aka ƙera a ɗakunan bincike na kamfanin Bell a Amurka cikin shekarun 1940. Tana ɗaukar magana ta shimfiɗa ta a takarda, murya mai lafiya ta fito da layuka tsaf a jere, mai dishewa ta fito da dusu-dusu a tsakanin layukan. A 1967 Naoaki Yanagihara ya kasa dishewa gida huɗu bisa yadda dusu-dusun nan ke cinye layukan. Ci gaba ne, amma har yanzu ido ne ke hukunci a madadin kunne.

Tazara, ƙarfi da huci

A ɗauki mace tana daka a turmi. Gwana ce, taɓaryarta na sauka dib, dib, dib, a kan kari. Da za a sa agogo mai tsananin daidaito a auna tazarar da ke tsakanin kowace saukar taɓarya da mai bi mata, da an ga ba ɗaya suke ba: wata ta ɗan yi sauri, wata ta ɗan jinkirta. Haka ƙarfin dukan, wani ya ɗara wani. Muddin saɓanin kaɗan ne, daka mai daɗi kunne ke ji. Ran da ta gaji ko kafaɗarta ke ciwo, saɓanin ya yi yawa, ko maƙwabta sun san yau da magana.

Abin da kwamfuta ke yi wa murya ke nan. Ana sa mutum ya ja "aaa" na 'yan sakanni, a yanke farko da ƙarshe a ɗauki tsakiya, na'ura ta bi kaɗawar tantanin ɗaya bayan ɗaya. Saɓanin tazara tsakanin kaɗawa da mai bi mata shi masana ke kira jitta, kuma Philip Lieberman ne ya fara auna shi sosai a ayyukansa na 1961 da 1963, inda ya nuna ya fi yawa a maƙogwaro mai ciwo. Saɓanin ƙarfi kuwa shi ne shimma. Yasuo Koike ya auna shi a marasa lafiya a 1969. Ƙanƙantar abin da ake aunawa tana da ban mamaki. Namijin da muryarsa ke kaɗawa sau 125 a sakan, kowace kaɗawa tana ɗaukar kashi 8 cikin 1,000 na sakan. Saɓanin kashi ɗaya cikin ɗari a kan wannan shi ne kashi 8 cikin 100,000 na sakan, kuma a wajen nan ne iyakar lafiya da rashinta take. Babu muryar ɗan Adam da saɓaninta sifiri ne. Idan aka haɗa irin wannan murya da kwamfuta, ji ake kamar inji ke magana.

Ma'auni na uku shi ne awon huci. A 1982 Eiji Yumoto da abokan aikinsa Wilbur Gould da Thomas Baer suka fito da hanyar raba sautin murya gida biyu, wanda ke maimaita kansa a kan tsari da wanda hayaniyar iska ce kawai, sannan a gwada ƙarfinsu. Ana ba da amsar da desibel. Idan kashi 99 cikin ɗari na ƙarfin sautin mai tsari ne, ɗaya kacal hayaniya, an sami desibel 20, wanda shi ne kimanin abin da mai lafiya ke samu a kan wasalin "a". Idan sun yi kunnen doki an sami sifiri, kuma wannan murya da ƙyar ake gane abin da take faɗa.

Da kwamfuta ta yi araha a shekarun 1990, kamfanin Kay Elemetrics na Amurka ya fito da manhajar MDVP, mai ba da ma'aunai sama da 30 daga "aaa" guda, ta zana su a da'ira, abin da ya tsaya cikin iyaka kore, wanda ya haura ja. Iyakar saɓanin tazara a wurinta kashi 1.04 cikin ɗari ce, ta saɓanin ƙarfi 3.81. A Jami'ar Amsterdam ta ƙasar Holan kuma Paul Boersma da David Weenink suka rubuta Praat, suka sake ta kyauta ga duk mai so, kuma har gobe ita ce abokiyar aikin ɗaliban kimiyyar furuci a ko'ina. Takarda mai kore da ja tana da kwarjini. Mara lafiya yana ganinta ya ji an yi masa aiki, likita ma ya ji yana da abin nunawa.

Ba a jima ba aka fara gano ɓaraka. Kafin na'ura ta auna saɓanin tazara, dole ta san inda kowace kaɗawa ta fara da inda ta ƙare. A murya mai lafiya ko mai ɗan kaushi wannan ba wuya. A muryar da ta lalace ƙwarai kuwa babu wata kaɗawa tsayayya da za a kama, sai na'ura ta shiga kame-kame, ta kuma fito da lamba har da alƙaluma biyu bayan ɗigo kamar ta san abin da take yi. A 1995 Ingo Titze, na cibiyar nazarin murya da magana ta Amurka, ya fitar da rahoton wani taron masana da ya kasa sautin murya gida uku. Na farko mai kusan cikakken tsari, shi kaɗai ya halatta a auna wa saɓani. Na biyu mai tsalle-tsalle tsakanin kari biyu, a duba hotonsa. Na uku wanda ba shi da tsari sam, a koma wa kunne. Ya kuma yi gargaɗin cewa duk saɓanin da ya haura kashi 5 cikin ɗari ba abin dogaro ba ne. Wato ma'aunin ya fi ƙwarewa a kan muryar da ba ta bukatarsa.

Ba a nan ta tsaya ba. Idan aka ba Praat da MDVP sauti ɗaya, lambobinsu na saɓanin tazara sukan bambanta, domin kowace da yadda take gano iyakar kaɗawa. Wanda ya ɗauki iyakar wannan ya ɗora a kan sakamakon waccan ya yi aikin banza. Ƙarar fanka ko janareta a bayan ɗaki tana shiga lissafi a matsayin huci. Sannan akwai wadda ta fi damuna, domin ta shafi ɗabi'armu: an tabbatar cewa idan mutum ya sassauta murya, saɓanin tazara da na ƙarfi suna hawa ko da maƙogwaronsa lafiya lau yake. To, a kawo amarya ko budurwa gaban likita namiji, ga mahaifinta ko mijinta zaune a gefe, a ce ta ja "aaa" a makirfo. Abin da zai fito kunya ce, na'ura kuma ba ta san kunya ba, ja za ta zana. Mai awon da ya san aikinsa yakan auna ƙarfin muryar tare, ya sa a maimaita har sai an sami irin muryar da mutum ke hira da ita a gida.

Kuma ma wa ke yawo yana cewa "aaa"? Akwai ciwon da ke sa tsokar maƙogwaro ta riƙa ɗamewa ba shiri a tsakiyar magana. Mai shi zai iya jan wasali ya fito kusan lafiya, amma da ya fara jimla sai murya ta riƙa yankewa.

Mafita ta zo daga inda ba a zata ba. A 1963 wasu masana uku, Bogert da Healy da John Tukey, suna neman hanyar gano amsa-kuwwa a cikin rikodin girgizar ƙasa, suka ƙirƙiro wani lissafi da ake kira kefstiram. Ba da daɗewa ba Michael Noll ya gwada shi a kan muryar mutane. Ga yadda abin yake. Muryar da ke kaɗawa sau 120 a sakan ba sauti ɗaya take fitarwa ba. Tare da shi akwai ninkinsa, 240, 360, 480, har sama, a jere da tazara iri ɗaya. A murya mai lafiya waɗannan ninke-ninke suna tsaye ƙyam, sun yi wa hayaniyar da ke ƙarƙashinsu zarra. A mai dishewa sun dusashe, hayaniya ta taso ta kusa shafe su. Lissafin kefstiram yana duba jerin gaba ɗaya ya tambaya: yaya tsarin nan ya fito fili? Amsar takan fito a zane a matsayin tsini guda, kuma tsayin tsinin a kan abin da ke kewaye da shi, da desibel, shi ne ma'aunin da ake taƙaitawa da CPP. James Hillenbrand da abokan aikinsa ne suka kawo shi fagen nazarin dishewa a 1994, suka gyara shi a 1996. Dogon tsini, murya garau. Gajere, murya ta dishe. Falalarsa ita ce ba ya bukatar a gano iyakar kowace kaɗawa, don haka ba ya rikicewa a kan mummunar murya kamar na baya, kuma yana aiki a kan magana mai gudana.

A 2009 Youri Maryn na ƙasar Beljiyam da abokansa suka tattara binciken da aka yi a baya, suka gwada gomman ma'aunai da hukuncin kunnen ƙwararru. Kaɗan ne suka kai labari, kuma CPP na cikin waɗanda suka tsaya a wasali da magana duka. Shekara guda bayan haka suka haɗa shi da wasu ma'aunai biyar suka yi AVQI, mai ɗaukar sakan uku na wasali da guntun karatu ya ba da maki ɗaya tsakanin 0 da 10. A 2018 kwamitin ƙwararru na ƙungiyar masu gyaran magana da ji ta Amurka ya ba da shawarar CPP ya zama babban ma'aunin ingancin murya, ya kuma gindaya sharuɗɗa: makirfo na ɗaurawa a kai, santimita 4 zuwa 10 daga leɓe kuma a karkace, ɗaki shiru, sautin da ba a matse shi ba. Shi ma CPP ba waliyyi ba ne. Yana hawa idan an ɗaga murya, lambarsa tana canzawa daga manhaja zuwa manhaja, kuma muryar da aka matse da ƙarfi takan ba shi dogon tsini alhali mai ita wahala yake sha.

Gani ya kori ji

Duk wannan lissafi tambaya ɗaya yake amsawa: yaya girman dishewar? Tambayar da ta kawo mara lafiya asibiti daban ce. Shi so yake ya san me ya jawo ta, kuma a nan na'urar awo ba ta da ta cewa. Kantar da ke fitowa a tantanin malamai da 'yan kamasho da masu talla saboda yawan ɗaga murya, da tsiron da kan biyo bayan fashewar ɗan ƙaramin jijiyar jini, da kumburin mashaya taba, da tarin fuka idan ya hau maƙogwaro, da sankara a farkonta, duk za su iya ba da lamba iri ɗaya. Wani lokacin ma ciwon ba a wuya yake ba. Jijiyar da ke motsa tantanin hagu sai ta sauka cikin ƙirji ta zagayo ƙarƙashin babbar hanyar jinin da ta fito daga zuciya kafin ta hauro, don haka ƙari a huhu zai iya danne ta ya shanye tantanin, murya ta dishe alhali maƙogwaro ba tabo.

Hanyar leƙa maƙogwaron mai rai ta girmi na'urorin awo da kusan ƙarni guda, kuma malamin waƙa ne ya buɗe ta. A 1854 Manuel García, ɗan ƙasar Sifen, ya sa ɗan madubin likitan haƙori a can cikin bakinsa, ya haska da hasken rana ta wani madubin, ya ga tantanin muryarsa suna motsi. Ya kai rahoto gaban ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan a 1855, likitoci a Viyana da Pest suka ɗauka suka mai da shi kayan aiki. Yau siririn bututu mai kyamara ake zurawa ta hanci, ko sanda mai madubi ta baki, wani lokaci da fitila mai walƙiya da ke sa a ga kaɗawar kamar a hankali take tafiya.

Ko ganin ma yakan yi kuskure. A farkon 1887 muryar Yarima Frederick mai jiran gadon Jamus, surukin Sarauniya Victoria ta Ingila, ta dishe ta ƙi washewa. Likitocin Jamus suka ga tsiro a tantanin hagu, suka ce sankara ce, a yi tiyata. Aka kira Morell Mackenzie daga Landan, ya gutsuro naman aka kai wa Rudolf Virchow, babban masanin cututtuka na zamanin, shi kuma bai ga sankara a abin da aka ba shi ba. Aka fasa tiyata. Kafin watan Nuwamba ya ƙare gaskiya ta fito. A Fabrairun 1888 aka huda masa wuya don ya sami numfashi, a Maris ya hau gadon sarauta ba ya iya magana, ya rasu ran 15 ga Yuni bayan kwana 99 a kan mulki. Abin takaicin shi ne sankarar tantanin murya tana cikin masu saurin tona kansu, domin tun tana ƙarama take ɓata murya, kuma idan aka kama ta a wannan mataki mafi yawan masu ita suna warkewa.

Wannan ne ya sa ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka, a ƙa'idojinta da ta sabunta a 2018, ta ce duk dishewar da ta kai mako huɗu ba ta sauka ba a leƙa maƙogwaro. Ba a ma jira mako huɗun idan mutum mashayin taba ne, ko akwai ƙullutu a wuya, ko numfashi na wahala, ko an yi masa tiyata a wuya ko ƙirji kwanan nan. Ta kuma hana rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta haka kawai saboda dishewa, abin da kemis-kemis ɗinmu ya kamata su ji da kyau, tunda dishewar mura da kanta take tafiya. Citta da zuma da ruwan ɗumi ba laifi ba ne a makon farko. A wata na uku sun zama hanyar ɓata lokaci. Haka yaron da muryarsa ta daɗe a dishe kuma numfashinsa na ƙara: akwai wasu tsire-tsire da ƙwayar cutar HPV ke haddasawa a maƙogwaron yara, waɗanda akan ɗauka asma ce har sai sun kusa toshe hanyar iska. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da sashen da ke wannan dubawa, haka Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

To, ina amfanin awon? Amfaninsa yana farawa ne bayan an gani. An leƙa an ga kanta a tantanin malama, an ɗora ta a kan horon murya, an ce ta rage ihu a aji ta yawaita shan ruwa, musamman da hunturu. Bayan wata biyu ta dawo. Idan an ɗauki muryarta ran farko da makirfo ɗaya, a ɗaki ɗaya, da jimloli iri ɗaya, yanzu akwai abin gwadawa wanda bai dogara da tunanin kowa ba. Mai maƙoƙo da za a yi wa tiyata, wadda jijiyar murya ke bi ta gefen inda za a yanka, idan aka ɗauki muryarta kafin aiki da bayansa an huta da gardamar ko dama can haka take. Yawan masu bukatar wannan ba kaɗan ba ne. Binciken Nelson Roy da abokansa na 2004 a jihohin Utah da Iowa ya sami kusan kashi 58 cikin ɗari na malaman makaranta sun taɓa fama da matsalar murya, a sauran jama'a kuwa kusan kashi 29. Waɗannan azuzuwan Amurka ne. Mai karatu ya san yawan yaran da ke ajin firamaren gwamnati a unguwarsu.

Lamba kuma ba ta san sana'ar mutum ba. Mawaƙi Louis Armstrong da muryarsa mai gurnani ya ci abinci har ya mutu, kuma da an sa shi gaban na'ura ja za ta zana masa. Alaramman da zai ja baƙi a tafsirin azumi kuwa, ɗan kaushin da na'ura za ta ce bai kai iyaka ba ya isa ya hana shi barci. Don haka ake haɗawa da takardar tambayoyi, irin wadda Barbara Jacobson da abokanta suka fitar a 1997 mai tambaya 30, inda mara lafiya da kansa ke faɗin yadda muryar ta taɓa aikinsa da zamansa da mutane. Akwai ma awon da agogon hannu ya wadatar: mutum ya cika huhu ya ja "aaa" iya ƙarfinsa. Baligin da bai kai sakan 10 ba, akwai alamar iska na zurarewa.

Tun annobar korona ta 2020, da aka koma duba marasa lafiya daga nesa, hankali ya karkata ga wayar hannu. Makirfon wayoyin zamani ba shi da laifi, kuma gwaje-gwaje sun nuna saurin kaɗawar murya da CPP sun fi jure bambancin waya da waya fiye da saɓanin tazara da na ƙarfi. Amma da sharaɗi. Kiran waya na gargajiya yana yanke duk sautin da ke ƙasa da kaɗawa 300 da wanda ke sama da 3,400 a sakan. Saƙon murya na WhatsApp matse shi ake yi don ya yi sauƙin aikawa, wayoyi da yawa kuma suna share hayaniya da kansu, alhali hayaniyar da ke cikin muryar ita ake nema. Wanda zai yi awo da waya sai ya ɗauki sautin da manhajar da ba ta taɓa shi, a waya ɗaya kowane zuwa.

Saura batun harshe. Iyakar da aka sa wa AVQI tun farko, 2.95, daga masu magana da harshen Holanci aka samo ta, kuma da aka gwada ma'aunin a Jamusanci da Japananci da Faransanci da wasunsu sai da kowane ya nemi tasa iyakar. Hausa tana da dalilan da suka fi na waɗannan ƙarfi. Harshe ne mai karin sauti, murya na hawa da sauka a kan kowace gaɓa, kuma tana gangarowa a hankali daga farkon jimla zuwa ƙarshenta. Duk kalmar da muke rubutawa da wasali a farko, da hamza muke furta ta, wato tantanin sai sun rufe ruf kafin su saki. Wajen furta ɓ da ɗ da 'y tantanin suna matsewa su ba da ɗan kaushi na halal, wajen ƙ da ts kuma maƙogwaron ne ke rufewa ya tunkuɗo iska. Bahaushe mai cikakkiyar lafiya da ya karanta jimla cike da waɗannan haruffa yana yin abin da manhajar da aka horar da Turanci za ta iya lissafawa a matsayin ciwo.

Duk asibitin da ke son ya yi wa masu jin Hausa wannan awo da gaskiya, sai ya fara tara muryoyin masu lafiya, maza da mata, yara da tsofaffi, da na marasa lafiyar da aka riga aka leƙa maƙogwaronsu, ya zaunar da masu sauraro 'yan harshen su ba da maki, sannan a ga inda lamba ta raba su. Kayan aikin ba su fi ƙarfin sashe guda na jami'a ba, tunda Praat kyauta ce. Abin da zai ci lokaci shi ne tsara jimlolin gwajin: wasu masu haruffan lanƙwasa, wasu babu su, gajeru yadda wanda bai yi boko ba zai iya maimaitawa daga baki, kuma waɗanda Bakano da Basakkwace da mutumin Damagaram za su furta ba tare da ɗayansu ya ji an sa shi Hausar wani ba.